Allurar wata uku ta yanke: a mayar da mata kan carbin lissafi?

Rele_Madarumfa:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga ungozomomi da majoji, shugabannin ƙananan asibitoci, da ke cikinmu. Mata na zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, ranar allurarsu ta tazarar haihuwa ta wata uku, a ce masu ta ƙare, su dawo wani sati. Wasu daga ƙauye suke tasowa, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ba wasa ba ne, in an maido mace sau biyu ba ta zuwa na uku. Wasu ƴan rele, masu wayar da kan jama'a kan lafiya, sun fara ba su shawarar carbin lissafin kwanaki, wanda mace ke gane ranakun da ciki ke iya shiga da shi, wai su riƙa kafin allura ta zo, tunda ba ya cin kuɗi kuma ba ya ƙarewa. Shawarar nan daidai ce? In daidai ce, a faɗa mana yadda ake koyar da shi dalla-dalla.

Hajiya_Sajfam:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ga matar da kake magana a kanta, amsar a'a ce. Carbin yana aiki ne ga macen da al'adarta ke zuwa tsakanin kwana 26 zuwa 32, wata bayan wata. Wadda ta daɗe kan allura kuwa sau da yawa ba ta ganin jini ma gaba ɗaya, ko kuma ɗigo ne yau, shiru sati uku, ɗigo kuma. Daga ina za ta fara ƙidaya? Ƙa'idar ita ce sai wata uku sun cika daga allurar ƙarshe, sannan al'ada ta zo mata sau uku a jere da tazarar kamar wata guda, kafin a ɗora ta kan carbi. Wannan kan ɗauki watanni da yawa.

Abin da ya kamata ku fara faɗa masu shi ne: allurar Depo, wato ta wata ukun, ba ta sakin mace ranar da aka rubuta a karne, katinta na asibiti. Ana yin ta kowane sati 13, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi ta ko an makara da sati 4, ba tare da gwajin ciki ba. Wato har sati 17 daga allurar baya mace na cikin kariya. A rubuta mata wannan rana ta biyu a karne, a ce mata kada ta wuce ta.

Majo_Tibiri:
Hajiya ta yi daidai. Ƙari ɗaya: sati 4 ɗin na Depo ne da Sayana Press. Mai allurar wata biyu, Noristerat, sati 2 kawai gare ta. Kada a haɗa su. Kuma Depo da Sayana magani ɗaya ne a ciki, ɗaya miligiram 150 cikin tsoka, ɗaya 104 ƙarƙashin fata. In ɗaya ta ƙare ɗaya na nan, a yi mata wadda ke akwai a ranarta, ba sai an jira ba. Mata da yawa ana maido su gida alhali Sayana na cikin kwali, don kawai karnensu ya ce Depo.

Inna_Hauwa_Zariya2:
To ku yi mana bayanin carbin ma, ai akwai waɗanda ya dace da su. Ba kowa ke son allura ba.

Hajiya_Sajfam:
Inna, ga shi. Ƙwaya 32 ne a zare, da ƴar roba baƙa da ake matsarwa kullum. Ta farko ja ce, ita ce ranar da jini ya fara zuwa. Sai ƙwaya 6 masu ruwan ƙasa, kwana na 2 zuwa na 7. Sai farare 12, kwana na 8 zuwa na 19, waɗannan su ne kwanakin da ciki ke iya shiga. Sauran 13 masu ruwan ƙasa ne, amma ta 27 ta fi sauran duhu. Kowace safiya a matsar da roba gaba ƙwaya ɗaya, har a ranakun jini. Abin da ya fi sauƙi shi ne a haɗa shi da abin da ba a mantawa, misali da an sallame Asuba. Roba na kan fara, ko a ƙaurace, ko a sa kwaroron roba. Jini ya dawo, a ɗauke roba a mayar kan ja, ko da saura ƙwayoyi ba a kai ba.

Misali: jini ya fara 3 ga Maris. Fararen kwanaki 10 zuwa 21 ga Maris ke nan. Al'ada ta gaba ya kamata ta zo tsakanin 29 ga Maris da 4 ga Afrilu. In ta zo kafin roba ta kai ƙwaya mai duhu, watan ya gaza 26. In roba ta ƙare zaren, an kwana, shiru, ya wuce 32. Sau ɗaya a shekara ana haƙuri. Ya kai sau biyu, carbi ba nata ba ne, a canza mata.

Jami'ar Jojtawun ta Amurka ce ta fito da tsarin. Cikin mata 100 da suka bi shi ba kuskure shekara guda, kamar 5 ke ɗaukar ciki. Yadda mutane ke bi a zahiri kuwa, kamar 12. Allura a zahiri kamar 4 ce, ashanar hannu, wadda ake sawa ƙarƙashin fatar dantse, ba ta kai 1 ba. A faɗa wa mace wannan tun farko, ta zaɓa da idonta buɗe.

Binta_AliDanSofo:
Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ƙidaya daga ranar wankan tsarki. Mace ta yi jini kwana 6, ta yi wanka, ta sa roba kan ja. Ta ja lissafin baya da kusan sati ke nan, kwanakin da take ganin ba komai su ne tsakiyar haɗari. A nanata: ranar farkon jini, ba ranar tsarki ba. Kuma a sa ta yi alama a kalanda ko a karne ranar da jinin ya fara, don in yaro ya ɗauki carbin ya yi wasa da shi a san inda za a mayar da robar.

Sannan “ina gani duk wata” ba amsa ba ce. Mai kwana 24 ma duk wata take gani, wani watan har sau biyu. A tambaye ta ranakun watanni uku na baya, in ba ta riƙe ba a haɗa mata da abin da ta sani: ranar kasuwa, sunan wance, ranakun da ta sha azumi.

DanGulbi_74:
Me ya sa har kwana 12? Na ji an ce ƙwan mace kwana ɗaya yake yi.

Majo_Tibiri:
Haka ne Malam, ƙwan awa 12 zuwa 24 yake yi bayan ya fito. Amma maniyyi na iya zama da rai cikin mace har kwana 5 yana jira. Ka ga kwana 6 ke nan. Sauran don ranar fitar ƙwan ba tsayayya ba ce, tana matsawa gaba ko baya daga wata zuwa wata, ko ga mace ɗaya. Kwana 12 ɗin ne ke rufe wannan yawo.

Mai_Magaza_Agye:
Ku bar ni in ja zaren zuwa inda ciwon yake. Ba kowace yankewa ce daga Yamai take ba. Wata a teburinmu ake haifar ta, wajen lissafin oda.

Ga yadda abin ke faruwa. A ce CSI ta yi allura 90 a Janairu. A Fabrairu kaya suka ƙare bayan kwana 10, an yi 30. A Maris babu ko ɗaya, sifili. Mai cika takarda ya tara 90 da 30 da 0, ya raba uku, ya rubuta 40 a matsayin abin da ake ci a wata. Distirik, ofishin lafiya da ke raba wa CSI kaya, ta aiko daidai da 40. Kafin rabin wata sun ƙare, wata mai zuwa lissafin ya ƙara sauka. Alhali buƙatar 90 ce. Gyaran: watan da aka yi ruptir, wato kaya suka yanke, a ɗauki abin da aka bayar a ninka da 30, a raba da kwanakin da kaya ke nan. 30 sau 30 raba 10, 90. Watan da babu kaya ko kaɗan a fidda shi daga lissafi. Shi ya sa dole a rubuta a fish, takardar shiga da fitar kaya, ranar da abu ya ƙare da ranar da ya dawo. In ba a rubuta ba, ba mai iya gyara lissafin daga sama.

Oda kuma: abin da ake ci a wata sau yawan watannin da ƙa'idar distirik ta ce a riƙe, a cire abin da ke kan kanta wanda bai lalace ba. A ƙirga da hannu, kada a kwafo daga rajista.

Farmasiye_227:
Gaskiya ne, amma kada a ɗora wa majoji komai. Tun 2006 kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnatin Nijar, sai dai yawancinsu abokan tallafi ke saye, musamman UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, su sauka ONPPC, ma'ajiyar magunguna ta ƙasa, daga nan jiha, distirik, CSI, har kaz, ɗakin shan magani na ƙauye. Bayan Yulin 2023 da aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, tsada ta ƙaru. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumar tallafinta USAID ta yanke kuɗin da take ba UNFPA. Duk wanda ya san yadda kayan nan ke tafiya ya san ba za a rasa jin wannan a ƙasa ba.

Mai_Magaza_Agye:
Ban musa ba, Dokta. Amma wancan ba ya hannunmu. Abin da ke hannunmu: wata CSI na da katon biyu na ƙwayar sha Microgynon da za su mutu nan da wata huɗu, maƙwabciyarta kilomita 20 ba ta da ko fakiti. Majoji su riƙa sanar da juna, a yi takardar miƙa kaya, distirik ta sa hannu. Kuma wanda ranarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa, ba wanda ya fara isowa ba.

Ustaz_Bagalam:
Salamu alaikum. Ta fuskar shari'a, ƙaurace wa wasu kwanaki da yardar juna bai fi azalu, wato zubar da maniyyi a waje, tsanani ba, kuma hadisin Jabir yana cikin Buhari da Muslim cewa suna yin azalu Alƙur'ani na sauka. A mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗin shi ne izinin matar. Alƙur'ani kuma ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Baƙara, aya ta 233.

Amma ku masu koyarwa ku yi wa mazaje lissafin gaskiya. Kwanakin haila haramun ne. In ta yi kwana 6 ko 7, tana tsarki sai ga fararen ƙwayoyi. Saura daga kwana na 20 zuwa dawowar jini, kwana 9 ko 10 ga mai wata 28 ko 29. In mata biyu ne ana kwana bibbiyu, rabonta a ciki 4 ko 5. In huɗu ne, ku ƙirga da kanku. Kwananta kuwa haƙƙinta ne ko roba na kan fara, ba a ɗauke shi a kai ɗakin abokiyar zamanta sai da yardarta. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai ce ya yarda, wata biyu ya karya.

Hajiya_Sajfam:
Allah ya gafarta Malam, wannan shi ne abin da ke kayar da tsarin, ba ƙwayoyin ba. Shi ya sa ba a ba mace carbi ita kaɗai a ce ta je ta gaya wa maigida. A zaunar da su biyu, ko a bi ta makarantar mazaje, zauren wayar da kan magidanta, inda akwai ta. Kuma duk carbin da za a bayar a haɗa shi da kwaroron roba. Kwaroron Foula na nan a shaguna in na asibiti ya ƙare.

Rabi_Gazawa:
Akwai kuma matan ƴan cin rani. Miji na Legas ko wajen zinariya, ya zo gida kwana goma ya koma. Ba zai duba launin ƙwaya ba. Irin wannan ko kwaroron roba, ko ta fara ƙwayar sha kwana 7 kafin isowarsa in ta san ranar.

Rele_Madarumfa:
Na gode ƙwarai. To masu goyo fa? Su ne suka fi yawa cikin masu zuwa, kuma tsoronsu kwanika.

Binta_AliDanSofo:
Mai goyo ma carbi ba nata ba ne tukuna. Sai ta ga al'ada sau huɗu bayan haihuwa, kuma tsakanin biyun ƙarshe ya faɗa cikin 26 zuwa 32. Abin da ke gare ta kyauta shi ne shayarwa, wadda ake kira MAMA a takardunmu, da sharuɗɗa uku da dole su haɗu: jariri bai cika wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, nono zalla yake sha dare da rana. Kada tsakanin shayarwa ya wuce awa 4 da rana, awa 6 da dare. In ukun sun cika, kamar mace 2 cikin 100 ke ɗaukar ciki. Jinin da aka gani cikin kwana 56 na farko na biƙi ne, ba a lissafa shi al'ada.

Inda yake karyewa a Maradi sananne ne: ruwa. Zafin Afrilu da Mayu ya zo, kaka ta ce yaro na jin ƙishi, a fara ɗura masa ruwa, sai koko, sai madarar gari. Yaro ya rage tsotso, jikin uwa ya koma sakin ƙwai, kuma ƙwan na iya fita kafin ta ga jinin farko. Uwar ce za ta sha ruwan da yawa, nono ya ishe shi. Haka wadda ke barin jariri gida ta wuni gona ko kasuwa, ita ma ta fita daga sharaɗi.

Kaka_Mokoyo:
Ƴata, mu dai mun ga matan da suka yi shekara biyu suna goyo ba su ga wanki ba, ba su yi ciki ba.

Binta_AliDanSofo:
Akwai su, Kaka, Allah ya ƙara girma. Sai dai a da mace kan tafi goyon gida ta daɗe, ga ƙauracewa har kusan yaye, ba nonon kaɗai ke aikin ba. Bayan wata 6 wata nono zai ci gaba da riƙe ta, wata ba zai riƙe ba, kuma ba a gane wace ce wace sai ciki ya fito. Shawarar likitoci ita ce a bar wata 24 daga haihuwa kafin wani cikin, wata 6 bayan ɓari.

Majo_Tibiri:
In koma kan tambayar farko, don Rele ya samu abin faɗa wa mata gobe. Mace ta zo, babu Depo. A duba Sayana. Babu, a duba ko tana cikin sati 17, a rubuta mata ranar ƙarshe, a karɓi lambar da za a kira ta in kaya sun iso. In ranar ta matso babu labari, a ba ta ƙwaya ta fara sha tun kafin ranar ta wuce. Mai goyon da bai kai wata 6 ba Microlut za a ba ta, ba Microgynon ba, kuma a gaya mata Microlut ba ta son latti: ta wuce lokacinta da awa 3, ta sha nan take, ta kiyaye kwana 2, ko ƙauracewa ko kwaroron roba. Kafin Microgynon a auna hawan jini. 14/9 ko sama, a nemi wata hanya. Haka mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido.

Wadda ta riga ta wuce sati 17 ba a kore ta. A yi mata tambayoyin tantance ciki ko gwajin fitsari, in babu a yi allurar, ta kiyaye kwana 7. In an sadu cikin kwana 5 da suka wuce ba kariya, akwai ƙwayar gaggawa, levonorgestrel miligiram 1.5, gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinta, ta fi ƙarfi cikin awa 72.

Kuma lokacin yankewa ne ya fi dacewa a yi wa mace bayanin masu dogon zango, in tana so: ashanar hannu Implanon shekara 3, Jadelle 5, robar mahaifa mai tagulla 10 zuwa 12. Mai waɗannan ba ruwanta da motar kaya.

Sajfam_Dakoro:
Majo, in akwai kayan sawa. Ashana na iya zama cikin kwali wata da watanni saboda babu lidokayin na kashe zafi, babu safar hannu mai tsabta, babu betadin na goge fata, ko wadda aka horar an yi mata canjin wurin aiki. A takarda ba ruptir, a zahiri mace ta koma hannu wofi. Sannan duk inda za a sa, a tabbata akwai mai iya cirewa. Kuma wadda tata ta cika shekara 3 babu sabuwa, kada a yi gaggawar cire mata a bar ta haka, kariyar ba ta ɗaukewa rana ɗaya. A bar ta, a haɗa da kwaroron roba, a cire ranar da madadin ya zo, sai fa in ita ce ta ce a cire.

Farmasiye_227:
Gargaɗi kan abin da mata ke yi in an maido su: sayen allura wajen ƴan tallan magani, ko a sa a shigo da ita ta Jibiya, wani ya yi mata a gida. Kayan nan ba a son su wuce zafin digiri 30, tiren da ya wuni a rana kasuwa kuwa kun san abin da ya sha. In dole sai an saya, a je farmasi mai lasisi, a duba ranar mutuwa, a duba murfin kwalbar ba a taɓa ba. Depo ruwa ne fari kamar madara, a girgiza sosai, in ya ƙi haɗuwa ya yi gudaji a manne a gindi, a yar. Sayana kuma a girgiza daƙiƙa 30, a tura murfin allurar ya haɗe da wuyanta har giɓin ya rufe, a tsunkuli fatar ciki ko gaban cinya, a soka, a matsa a hankali daƙiƙa 5 zuwa 7. Wanda ya manta rufe giɓin nan zai matsa maganin ya ƙi fita.

Nana_UDDM:
Ba wanda ya ambaci duba ruwan gaba. Ita wannan ba ta buƙatar wata ya zama daidai. Mace ta duba sau biyu a rana, bayan Azahar da kafin kwanciya, ta tambayi kanta: yau na ga danshi ko yauƙi? Jiya fa? In ɗaya daga ciki eh ne, ranar haɗari ce. Sai jiya da yau duk a bushe ne ake saduwa. A zahiri kamar 14 cikin 100 ke ɗaukar ciki a shekara. Manhajojin waya kuwa a yi hattara, yawancinsu hasashe suke da kalanda, ba su san jikin kowa ba.

Hajiya_Sajfam:
Ƴata, tana da kyau, amma mai ciwon sanyi ruwa ba ya ɗauke mata, kullum amsarta eh ce, sai an yi magani tukuna. Wadda ta fito daga allura da mai goyo su ma ruwan nasu ba ya bin tsari da farko. Ga wahalar koyarwa: mace ta yi wata ɗaya ko biyu tana dawowa ana duba fahimtarta. Na awon zafin jiki da tarmomita ma kada a fara a ƙauye, bambancin rabin digiri ne ko ƙasa, zazzaɓin sauro ɗaya ya rushe lissafin wata.

DanGulbi_74:
Ni dai har yanzu ina ganin kun yi wa carbin tsanani. Da babu gara ba daɗi. Macen da ba ta amfani da komai, cikin 100 kusan 85 ke ɗaukar ciki a shekara. 12 ai ta fi 85.

Majo_Tibiri:
12 ɗin na waɗanda suka cika sharaɗi ne, Malam. Wadda watanta ke yawo ba ta cikin wannan lissafi, kuma ta tafi da tabbacin da ba ta da shi, ba za ta ƙara neman allurar ba.

DanGulbi_74:
To amma wadda ta cika sharaɗin, nawa ne CSI ɗin da za ta je ta tarar da carbin? Shi ma ai yankewa yake.

Inna_Hauwa_Zariya2:
Wannan kam ana yinsa a gida. Duwatsun ado na kasuwa: ja 1, fari 12, ruwan ƙasa 18, baƙi-baƙi 1 na kwana na 27, a jera yadda Hajiya ta faɗa. Su zama masu ɗan girma, a yanko zobe daga siririn tiyo wanda zai kama ƙwaya ba ya zamewa. A sa wani dogon dutse daban tsakanin ta ƙarshe da ja, don a san inda aka fara da wajen da ake tafiya, kullum daga ja zuwa gajeren layin ruwan ƙasa mai 6, ba dogon ba. A kai wa ungozoma ta ƙirga kafin a ba kowa, fara ɗaya ta ɓace an ɓata aikin.

Rele_Madarumfa:
Majo, sati 17 ɗin nan daga ranar allurar baya ake ƙirgawa ko daga ranar da aka rubuta ta dawo? Akwai karne uku a hannuna da zan mayar wa masu su ranar kasuwa.

Majo_Tibiri:
Daga ranar allurar baya. In daga ranar dawowa kake ƙirgawa, kwana 28 za ka ƙara. Ka duba kuma wace iri aka rubuta, in Noristerat ce kwana 14 ne.